Ciyawar da Mai Aski Ya Bari

Maigidana mai aski ne, shekara talatin da ɗoriya yana sana'ar, kuma Allah ya zuba masa ƙin ganin abu ya yi tsawo. Da ya bar wa ƙaninsa shago, sai ya shigo cikinmu, mu 'yan sa-kai da ke kula da filin bakin kogi, can bayan tashar mota. Mu muna tsince leda da robobi, muna ba itatuwa ruwa. Shi kuwa ya rungumi injin yankan ciyawa, kullum yana yi wa filin gyaran fuska sai ka ce ango.

A makon nan hankalinmu ba a kwance yake ba. Hukumar birni ta aiko cewa ranar Asabar jami'arta za ta zo duba wurin. In ta same shi tsaf, a bar mana. In ba haka ba, a malale shi da siminti a riƙa ajiye motoci.

Ranar Juma'a da hantsi na ji injin ya yi shiru. Na tarar da shi tsugune dab da ƙofar shiga, gaban wata doguwar ciyawa.

"Lafiya, Malam?"

"Zo ki gani, amma a hankali."

Sheƙa ce, da ƙwai tara na agwagwar ruwa. Uwar tana can gefen kogi tana hararar mu.

Shugabarmu, tsohuwar nas, ta zo ta leƙa. Ta ce, "In aka ɗauke sheƙar, da wuya uwar ta bi ta. In kuma aka aske kewayen, karnuka sun samu."

"Duk faɗin filin nan, sai bakin ƙofa?" in ji shi. "Wannan agwagwa ba ta da tsari ko kaɗan."

Haka ya bar ciyawar, faɗin ɗaki guda, ya kashe injin. Ranar ko abincin kirki bai ci ba. Na tsokane shi, na ce yau dai an samu kan da ya gagare shi, bai ko murmusa ba. Sai ya ba ni tausayi.

Da safiyar Asabar jami'ar ta iso da takardarta da takalmi mai tsini. Ko gaisuwa ba mu gama ba idonta ya sauka kan ciyawar.

"Wannan fa? Mai ne ya ƙare muku?"

Malam ya matso, ya cire hula.

"Ranki ya daɗe, ni na bar ta, da gangan. In laifi ne, sunana za ki rubuta, waɗannan ba ruwansu."

Ya ɗaga ciyawar kaɗan da yatsa biyu. Agwagwar tana kwance, ko motsi. Jami'ar ta daɗe tana kallon ta.

"Baba, saura kwana nawa ta ƙyanƙyashe?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Nas ta ce, "Kamar mako uku."

"To ni yau ban ga komai ba. Sai wata mai zuwa zan zo dubawa."

Da za ta tafi ba ta bi ta ƙofar ba. Ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta zagaya ta cikin taɓo tana sanɗa.