Fiton da Noreen Ke Ji

"Kar a kashe injin!" Noreen Tackett ta daka wa matuƙin tsawa, kunnenta manne da bangon jirgin. "Ga shi nan kuma."

Tun safe ake abu ɗaya. An lulluɓe cikin ƙaramin jirgin saman da sababbin alluna masu ƙananan huje-huje, waɗanda ke shanye ƙarar inji kafin ta kai ga fasinja. Na'urar awo ta ce lafiya lau. Amma a wannan masana'anta ta garin Wichita a jihar Kansas, jirgi ba ya fita sai Noreen ta saurara ta gyaɗa kai. Kunne suke ce mata, kuma duk duniya ba ta da abin taƙama da ya wuce wannan suna.

Fito ne siriri, kamar na butar shayi a wani ɗaki. Ta bi shi gaba, ya koma baya. Ta durƙusa ƙarƙashin kujera, ya haye sama.

"Hollis!" ta ƙwala wa mai fenti kira. "Ka sake toshe hujin nan da fenti ko? Kai komai sai ka lafta, kamar mai shafen katanga."

Tsohon ya hawo yana taunar cingam. "Haba Kunne, duk faɗin Kansas ni kaɗai ne mai laifi? Ciro ki gani."

Suka ciro allo, ta ɗaga shi saitin fitila. Haske ya ratso kowane huji tsaf. Suka ciro wani, suka ƙara wani, duk haka.

"Wai kai ba ka ji?"

"Ni? Ko matata ba na ji, tambaye ta." Ya yi dariya, amma idonsa ya daɗe a kanta. "Je ki ci abinci, yarinya. Tun safe kofi kawai kike ɗirka."

Haushi ya ishe ta. Ta ce a kashe injin, ta sauka fuu, ta ratsa rumfar masu buga ƙusa, ƙarar na girgiza haƙora. Abin toshe kunnenta na lilo a wuya kamar kullum. Shekara da shekaru tana cewa hana ta jin aiki yake yi.

Ta faɗa motarta, ta rufe ƙofa, ta warware takardar burodinta na sanwici. Mota a kashe, jirgi can nesa a kashe, amma fiton na nan. Ta danna yatsu a kunnuwanta, sai ma ya ƙara fitowa tar. Ashe a cikin kunnenta yake; tsoro ya kama ta sosai.

Tana nan zaune Hollis ya ƙwanƙwasa gilashi. "Mu ciro sauran?"

"Mayar da su. Fentinka lafiya yake."

"To, jirgin ya yi ke nan?"

Noreen ta kai hannu ga abin da ke rataye a wuyanta, ta juya shi a tafinta.

"Ku tambayi na'ura," ta ce.