Jan Idon Jelani

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ni ne alƙalin gasar tseren samarin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Jelani, wani manomi daga Dauran, ya zo na ɗaya, sai tsegumi ya tashi wai ya sha ƙwaya.

Likitar gasar, Hajiya Salima, ta ce a ɗebi fitsarinsa a aika Legas, sakamako sai bayan wata biyu. Na ce wata biyun me? Shekara ashirin ina gane ɗan ƙwaya da ido. Na buɗa idonsa, na gan shi ja wur.

"Malam, ƙaiƙayin gero ne," in ji shi. "Kwana uku muna sussuka. A kawo Alƙur'ani in rantse."

Na ce hannun mashayi ba ya taɓa Littafi. Na karɓe kofin da ya ci a gaban mahaifinsa.

Ashe Hajiya ta aika fitsarin. Takarda ta dawo, babu komai a ciki. Na ɗauki kofin da kaina har Dauran.

Jelani ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya bar gudu.

"Kofin kuwa, ku ba mai farin ido, Malam," in ji shi.