Ƙurajen Zulfa da Maganin Zuciya

Zulfa ba ta yi ƙurajen balaga ba. Lokacin da 'yan ajinsu suke fama da matse fuska a gaban madubi, ita tata sumul take. Sai da ta kai shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya biyu, tana aikin sakatariya a wani kamfanin fiton kaya a Akwa, cikin birnin Douala, sannan ƙuraje suka sauka mata a haɓa da muƙamuƙi. Ba irin masu farin kai ba ne da za a matse a huta. Manya ne, can cikin fata, masu zafi kamar maruru, kuma duk wata, saura mako guda ta ga al'ada, sai su taso gaba ɗaya.

Ta san lokacin da abin ya fara. Shekara biyar tana shan ƙwayar tsarin iyali, wadda matan unguwarsu New Bell ke kira pilul, tun da aka yi mata aiki a haihuwar autarta Ikhlas. Da jininta ya fara hawa, likitan unguwa ya ce ta daina. Ta daina. Bayan wata biyu fuska ta rikice.

Kowa da nasa bayanin. Innarta da ke zaune a unguwar PK 14 ta ce zafin ciki ne, ta rage gyaɗa da soyayyen kifi. Wata abokiyar aikinta ta ce gumin hijabi ne da zafin Douala. Wata maƙwabciya ta kawo mata man shafawa daga Kasuwar Dakar ta nan cikin gari, a kwalba marar rubutu. Mako biyu fuska ta kwanta har ta yi haske, a mako na uku ƙurajen suka dawo da 'yan rakiya, har a goshi. Mai farmasi kuwa ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Madam, ki koma wa pilul ɗinki."

"An hana ni, saboda hawan jini."

Ya ɗaga kafaɗa, ya juya ga mai bi mata.

Daga ƙarshe ta nemi izinin rabin yini a ofis, ta hau bensikin, wato babur ɗin haya, zuwa wurin likitar fata, Dokta Latifa, wadda ita ma haifaffiyar New Bell ce. Likitar ta juya fuskar Zulfa wajen taga, ta tambaye ta al'adarta, ta auna jininta sau biyu, ta shinshina kwalbar Kasuwar Dakar ta jefa a kwandon shara.

"C'est hormonal," ta ce da Faransanci, wato daga sinadaran jiki ne. "Kowace mace tana da ɗan sinadarin maza a jiki. Naki yana sa fata ta yi maiƙo da yawa. Pilul ce take danne shi da, ke ba ki sani ba."

"To in koma mata?"

"A'a. Da wannan jinin, a'a. Akwai wata ƙwaya, sipironolakton. Amma sai an yi gwajin jini tukuna, kuma ba a ɗaukar ciki a kanta ko kaɗan. Sai mun yi maganar sterile, ɗan ƙarfen da ake sawa a mahaifa, wanda ba sinadari a ciki."

Zulfa ta zo ne neman abin da ba tsarin iyali ba, ga shi an zagayo da ita wajensa ta wata ƙofa. Ta ce to, kamar ta fahimta, amma kafin ta isa gida rabin bayanin ya zube a hanya. Gwaji ya fito lafiya, ta sayo ƙwayar, ta ajiye kwalin a kan firij, ta ce ba za ta fara ba sai ta samu bakin yi wa mijinta maganar sterile. Kwana huɗu ba ta samu ba.

Ranar Juma'a ta dawo daga aiki ta tarar da takalman Inna a bakin ƙofa. Mijinta Munzali, wanda ke saro kifi a Youpwé yana raba wa gidajen abinci, bai saba dawowa kafin magariba ba, amma ga shi tsaye a falo. Ya karɓi jakarta. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta jera matasai biyu. Zulfa ta nufi kicin, Inna ta tare ta.

"Zauna, 'yar nan. Na riga na ɗora."

"Inna, lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Ba wanda zai rasu, in sha Allahu," in ji Inna, sai ta juya tana goge ido da gefen mayafi.

Munzali ya durƙusa a gabanta da wata takarda mai ninki da yawa, irin wadda ake samu a cikin kwalin magani. Ya ɗora yatsa a layin farko. "Insuffisance cardiaque. Zulfa, ciwon zuciya gare ki kike ɓoye mini?"

"Baban Ikhlas, na ƙuraje ne!"

"Na karanta takardar nan gaba da baya. Akwai zuciya, akwai hanta, akwai kumburin ƙafa. Ba inda aka rubuta ƙuraje."

Ta karɓa ta karanta da kanta. Gaskiyarsa, babu. Ta fara bayani, ta ce akwai sinadarin maza a jikinta, sai Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta gyara ta ce kowace mace tana da shi, Inna ta ce ita dai ba ta da shi. Tun Zulfa tana magana da ƙarfi har muryarta ta yi sanyi, don ita ma ta fara tunani. Me ya sa likitar ta auna jininta har sau biyu? Me ya sa gwajin jini? Ko dai ta ga wani abu ne ta ƙi faɗa mata kai tsaye? Asabar da Lahadi ta yi su a kan tabarma, tana sauraren bugun zuciyarta, wani lokaci ta ji kamar yana tsallake.

Ranar Litinin su uku suka cika ofishin Dokta Latifa. Munzali ya miƙa takardar kamar mai kai ƙara. Likitar ta karanta fuskokinsu, ta danne dariya, ta ɗauko abin saurare ta ɗora a ƙirjin Zulfa don kowa ya gani.

"Zuciyarta ƙalau. Asali don zuciya da hawan jini aka yi maganin, daga baya likitoci suka lura yana kwantar da irin waɗannan ƙurajen a mata. Kaɗan ake ba su."

"To ai shi ke nan," in ji Inna. "In maganin zuciya ne ke gyara fuska, ciwon daga zuciya yake."

"Inna, ba haka ba ne."

"Ke likita ce, ni kuma na haife ta."

Dokta Latifa ta roƙi Inna ta ɗan jira a waje, sannan ta dubi Zulfa. Zulfa ta sunkuyar da kai ta faɗi maganar sterile da bakinta. Munzali ya yi ta tambaya, ko ana cirewa, ko yana ciwo, ko zai hana haihuwa har abada. Da ya ji ana cirewa duk ranar da suka so, sai ya sauke numfashi.

"Wannan ne kika kasa faɗa mini mako guda? Ni da na yi zaton takaba zan shiga."

"Maza ba sa takaba," in ji Zulfa.

"Da na fara."

Aka sa sterile, ta fara ƙwayar da wani man shafawa na farmasi. Wata na farko ba ta ga komai ba sai yawan zuwa bayi, har ta kusa dainawa. A wata na huɗu ne ta lura al'ada ta zo ta wuce da ƙurji ɗaya tak. Baƙin tabon ya daɗe, likita ta ce shi sai haƙuri da gudun rana. In an tambaye ta yadda maganin yake aiki, har yanzu sai ta fara bayani ta rikice a tsakiya.

Inna kuwa ta riga ta baza labari tun daga PK 14 har New Bell. Mata suka riƙa shigowa dubiya, wata da kunu, wata da lemo, suna gargaɗin Munzali kada ya ɓata mata rai. Da farko Zulfa tana zaunar da kowacce ta yi mata bayanin sinadari da maiƙon fata, su yi ta gyaɗa kai, in za su tafi su ce Allah Ya ƙara sauƙin zuciyar. Da ta gaji, duk wadda ta ce mata ya jiki, sai ta ce da sauƙi, ta karɓi kunun.