Gurnanin Jitar Bas

Tun da rufin garejin da ƙungiyarsu ta makaɗa ke atisaye ya yi yoyo, ruwa ya ƙona tsohuwar amfilifayarsa mai kwalabe, na'urar da ke ƙara wa jitarsa sauti, Mai Bas bai sake jin daɗin kiɗa ba. Waccan, in kwalabenta suka ɗau zafi, wani gurnani take yi mai kauri, wanda mutum ke ji a ƙirji kafin ya iso kunne. Wadda ya samu a madadinta mai taransista ce, ba nauyi, ba zafi, sautinta fes kamar ruwan famfo. Shi kuwa cewa yake ba gishiri.

"Yaya, lafiyarta ƙalau," in ji ƙaninsa mai ganga, wanda shi ne shugaban ƙungiyar. "Kai dai tsohuwar zuma ce ta shiga ranka."

Sauran suka yi dariya. Shi bai yi ba, don bai kama ƙarshen maganar ba.

Wani mai shagon kayan kiɗa ne ya ba shi shawarar busta, ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba. A jona shi tsakanin jita da amfilifaya, a taka da ƙafa, ya tura sautin da ƙarfi har amfilifayar ta fara gurnani.

"Amma a hankali, Baba," in ji mai shagon. "Mai taransista ba ta da haƙurin mai kwalabe. In ka matsa mata, ihu za ta yi maka."

Mai Bas ya saya, da la'asar ya riga kowa isa garejin. Ya share ƙura, ya warware wayoyi, ya ajiye bustar daidai ƙafarsa ta dama. Da aka fara, ya taka, ya ɗan murɗa maɓallin. Mawaƙiyar ƙungiyar ta waiwayo tana murmushi, ƙaninsa ya ɗaga sandar ganga.

"Yauwa, Yaya! Ya fito! Bar shi haka!"

Shi bai ji abin da ya fito ba. Wayoyin jitar na rawa ƙarƙashin yatsunsa, amma sautin na zuwa masa kamar daga bayan katanga. Ya sunkuya ya ƙara murɗawa. Ya ƙara. Gurnanin ya rikiɗe ya zama ƙara mai tsaga, kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Mawaƙiyar ta saki makirufo ta toshe kunnuwa. Shi kuwa a lokacin ne ya lumshe ido, don sai yanzu wani abu ya fara isowa gare shi. Bai buɗe ba sai da warin ƙuna ya bugi hancinsa. Sifikar ta yage.

Ƙaninsa ya taso daga bayan gangunan, ya tsaya dab da fuskarsa yana magana a hankali, yadda zai ga laɓɓansa.

"Tun ɗazu nake kiranka, Yaya. Ba amfilifayar ba ce."

A asibiti likita ta sa masa abin ji a kunne, tana danna ƙararraki ɗaya bayan ɗaya, shi yana jiran ta fara. Da ta gama ta ce shekarun da ya yi tsaye gaban sifika ne suka cinye jijiyoyin kunnensa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage ma lallaɓa shi za a yi.

Ƙaninsa bai kore shi ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai dai an daina faɗa masa ranar atisaye, kuma ya samu labari wajen matar ƙanin nasa cewa an ɗauko wani mai bas.

Yanzu a ɗaki yake wuni. Yakan rungumi jitar ba tare da ya jona ta da komai ba, ya kwantar da haɓarsa a kan katakonta, ya ja waya mafi kauri, rawar ta bi ta ƙashin muƙamuƙinsa ta hau kai. Matarsa takan tsaya bakin ƙofa ta ce abinci na hucewa, ta maimaita, sannan ta shigo ta taɓa kafaɗarsa.