Bidiyon Zayyad Babu Murya

Bakin Zayyad yana ta motsi a fuskar kwamfutar, amma ko tarinsa ba a ji. Salima ta ƙure ƙarar, sannan ta watsa wa yayanta Auwal harara.

"Duk Aliero kowa na da kwamfuta irin ta mutane, kai ka share tsarin taka ka sa wanga na Linux. Ga shi ko maganar ɗan'uwanka ba ta hita."

"Irin bidiyon ne ba ta karantawa," in ji Auwal.

Rabin gaskiya ya faɗa. Da safe da ƙanen nasu ya turo bidiyon daga Legas, shafin ya buɗe hoto ya ƙi sauti. Auwal ya sauke 'yar manhajar da ke fito da murya, ya saurara, ransa ya ɓaci, ya goge ta. Zayyad ɗin da ya sayar da injin ban-ruwan gidan ya gudu ana tsakiyar rainon albasa ba gafara yake nema ba. Cewa yake a yanka masa kasonsa na fadama tun mahaifinsu yana numfashi, ya riga ya sami mai saye. Tsohon kuwa, Malam Shehu, kwanan nan aka sallamo shi daga asibiti a Jega, da gargaɗin kada a tayar masa da hankali.

"Ƙarya kake," in ji Salima. "Tun muna ƙanana ba ka ƙaunarsa. Ba ka son Baba shi yahe mai. Ba ni in kai shagon masu tura finafinai."

"Taɓa ta ki gani."

"Mugu."



"Ku yi mini shiru," in ji Malam Shehu daga kan tabarma. Ya matso da idanunsa dab da gilashin, ya daɗe yana kallo. "Ya rame. Auwalu, kai da ka san bakinai, mi shika cewa?"

Auwal ya dubi tsohon, ya tuna gargaɗin asibiti.

"Gafara yake nema, Baba."

Fuskar Malam Shehu ta washe.

"To, ku kira min shi yanzu, in ji da kunnena."

Kafin Auwal ya buɗe baki, Salima ta danna lambar Zayyad a ƙaramar wayarta, ta sa a lasifika.