Jan Numfashi

Serafim ya cusa hankicin a aljihu kafin matarsa Odília ta juyo, amma ta riga ta ga jinin. Shekara hamsin da aure, me zai ɓoye mata? Ta miƙa masa hularsa suka nufi jirgin ruwan da ke tsallakawa zuwa garin Horta, inda asibiti yake.

Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Da ƙuruciyarsa yana cikin masu farautar baleya, ƙatuwar dabbar tekun nan, da mashi a ƙaramin kwalekwale. Duk mafaraucin tsibirin Pico ya san ƙa'idar: muddin numfashin da take fesawa sama fari ne, da sauran faɗa. Da zarar ya koma ja, mashi ya taɓa huhu, sai a matsa nesa a jira ta mutu. Ya sha ganin haka da idonsa. Yau kwana tara ke nan yana tarin jini.

Likitar, sa'ar jikarsa, ta nuna masa hoton ƙirjinsa da wani dunƙule kamar ƙwan kaza. Ta tambayi inda yake wuni. Odília ta yi caraf ta ce a tsohon ɗakin dutsen nan mai danshi na kan tudu, yana hango wa masu yawon buɗe ido baleya.

"Fumfuna ce, Baba," in ji likitar. "Irin ta jikin bango da burodi. Ta yi gida a huhunka. Sai an yanke wurin."

"Fumfuna? 'Yata, na tsaya gaban abin da ya fi ɗakin nan girma."

"Ai waccan tun daga nesa kake hango ta," Odília ta ce. "Shekara nawa ina cewa ka kankare bangon nan, mai taurin kai?"

Ya tambaya ko ana tashi bayan irin wannan aiki. Likitar ta ce da yawa suna tashi, sai dai ba ta yi masa alkawari ba. Ta turo masa takardar amincewa da biro.

A teku, in aka ga ja kowa nesa yake matsawa. Ya dubi Odília. Ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa tasa.

Ya ɗauki biron. Hannun da ya saba cilla mashi, sai da Odília ta riƙe masa shi kafin ya iya rubuta sunansa.