Hoton Ƙarshe a Tsohuwar Tasha

Ina da wani hali da matata ta gaji da yi min faɗa a kai: duk wanda ya yi min magana a ƙarshe, shi ne mai gaskiya. Shi ya sa ranar nan na tsinci kaina riƙe da hammatar maƙwabcina Mai Hoto ina cusa shi a mota, alhali ni na yi wa 'yarsa alkawarin ba zan ƙara fita da shi ba.

Tana biye da mu, filo a hannu ɗaya, jakar magunguna a ɗayan, tana aiko min da harara. Nas ce, ta san abin da likita ya faɗa game da huhun babanta. Shi ma ya sani. Ya ce likitan da ko gemu bai tsayar ba, ba shi zai tsayar masa da rana ba.

Ciniki suka yi, uba da 'ya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar hoto, babu nasa ko ɗaya a bangon gidan. Da an ɗaga waya sai ya rufe fuska da hula. Tun da ya rufe shago ya daina ɗaukar mutane gaba ɗaya, wai ya gaji da roƙon ƙattai su yi murmushi. Sai kufai a ƙauyuka: makarantar da iska ta yaye wa rufi, rumbun da ya tsage, duk baƙi da fari. Ni nake kai shi, don kaf layinmu ni ne ba wanda zai lura idan na ɓace yini guda. Da ciwo ya kwantar da shi, 'yar ta roƙe shi hoto ɗaya tak, wanda za ta riƙa nuna wa 'ya'yanta. Ya ce ashe ta fara binne shi tun yana numfashi. Ta yi kuka, ya juya ya fuskanci bango. Can daga baya ya ce ya yarda, amma da kyamararsa, kuma a tsohuwar tashar jirgin ƙasan nan ta cikin daji, wadda ya daɗe yana wa sintiri bai taɓa samun gajimaren da yake so a kanta ba.

A hanya bai kalli komai ba sai sama.

"Direba," ya ce da ni, "koma baya. Akwai rami ɗaya da ka manta ba ka faɗa ba."

Tashar tana nan yadda muka bar ta. Ciyawa ta cinye dogo, kwanon rufi ya yi tsatsa, zanzaro ya yi gini a tagar sayar da tikiti. Doguwar baranda ce da ginshiƙai na jan bulo. A samanta kuwa gajimare ne fari fat, iska tana kora shi sannu a hankali. Tsohon ya daɗe yana kallo, bakinsa yana motsi.

Na kafa masa ƙafa-ukun, na ɗora kyamara. Ya zaro gwangwanin da yake ajiye gilasan da ake ɗaura wa bakin kyamara, kowanne a naɗe cikin tsohuwar safa. Ya fara da ja, wanda ke mayar da sama baƙa ƙirin ya fito da gajimare. Gilashin ya ƙi hawa bakin kyamarar. 'Yar ta miƙa hannu, ya ture.

"Uwata, allura ce taki. Wannan nawa ne."

Da ja ya hau, sai ya ɗauko wani baƙin gilashi ya ɗaura a kan jan. Nan gabana ya faɗi. Na san aikin baƙin nan. Haske kaɗan-kaɗan yake bari ya wuce, sai an bar kyamara a buɗe an daɗe, kuma duk abin da bai tsaya wuri ɗaya ba, ba ya fitowa. Mun taɓa ɗaukar wata tsohuwar rijiya garken shanu na wucewa ta gabanta, da aka wanke hoton ko ƙaho babu. Na buɗe baki zan yi magana, ya kalle ni, na mayar da abin hamma.

Ya damƙa min wayar latsawa da ke buɗe kyamarar, ya ce in danna, kada in saki sai ya ce. Ya dogara sandarsa ya hau barandar shi kaɗai, don ya hana a taɓa shi. 'Yar ta gyara masa wuyan riga tun a ƙasa, ta nuna masa bencin siminti da ke tsakiya inda haske ya fi kyau.

Na danna. Ya wuce bencin.

Ya tafi har ƙarshen baranda, ya juyo, ya sake wuce bencin. Takalminsa na jan ƙasa, sanda na ƙwanƙwasa siminti.

"Baba, ka zauna mana."

"Tsohuwar kyamara ce," ya ce, bai tsaya ba. "Duk inda nake za ta same ni."

Ta juyo gare ni. "Kawu, haka ne?"

Na ce haka ne.

Tari ya kama shi a tsakiyar hanya. Ya rungumi ginshiƙi, kafaɗunsa na sama da ƙasa, har na ji a raina to shi ke nan, jiki ya yi wa yarinyar abin da baki ya ƙi yi. Sai ya ture ginshiƙin kamar ya taɓa garwashi, ya ci gaba. Mutumin da daga gado zuwa bayi sai an riƙe shi. 'Yar ta yi kamar za ta hau, ya ɗaga mata sanda, ya ce idan ta shigo za ta ɓata hoton da ta roƙa. Ta tsaya tana murɗa filon. Ni kuwa babban yatsana ya mutu a kan wayar, gajimare na ta wucewa, tsoho na ta kai da komo.

"Saki," ya ce a ƙarshe.

Mu biyu muka ɗauko shi. A kujerar baya, kansa a kan cinyarta, numfashi na yi masa gardama, ya ce yau dai ya kama ta. 'Yar ta ɗauka da ita yake, ba da tashar ba, ta shafa masa goshi.

Bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi ya cika, taga a buɗe. Maganar da ya yi min ta ƙarshe ita ce kada in bar fim ɗin a mota ya sha zafi.

Bayan an watse daga zaman makoki na kai fim ɗin wurin wanda ya koyi sana'a a hannunsa, mai shagon hoto a kasuwa, shi ma kansa duk furfura. Da ya miƙo min hoton sai da ya goge hannu a riga. Sama baƙa wuluk, gajimare ya miƙe kamar shaɓaɓɓiyar auduga, bulon nan ya yi haske kamar jiya aka gina tashar. Barandar fayau, ginshiƙai da benci.

'Yar ta kai hoton bakin taga, ta bi barandar da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Ka sani, Kawu."

Na ce na sani.

"Ko inuwa bai bar min ba," ta ce. Ta yi wani sauti da ban tantance dariya ne ko kuka ba, ta mayar da hoton cikin ambulan.

Yanzu akwai hotonsa a falonta. Daga katin shaidarsa aka ciro, mai shagon kasuwa ya ƙara masa girma, ya sa masa kala, da shuɗiyar sama da furanni a baya. Idonsa ɗaya a rufe yake.